Hutun Ƙasaita a Singafo: Daga Ina Za Mu Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna son mu kai yaranmu biyu, masu shekara 12 da 15, yawon hutu zuwa Singafo idan an rufe makarantu. Mun saba zuwa Dubai da Istanbul, amma ba mu taɓa leƙa gabashin Asiya ba. Mun yi tanadi, kuma muna son a yi tafiyar cikin jin daɗi ba tare da ƙwauro ba, sai dai ba ma son almubazzaranci. Wane lokaci ya fi dacewa, a wane otal za mu sauka, kwana nawa za su ishe mu, kuma yaya batun abincin halal? Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin mu kai ga otal da abinci, bari mu fara da abin da ba ki tambaya ba, domin shi ne yake ɓata wa yawancin mutanenmu shiri, wato biza. Mai fasfon Najeriya ba ya shiga Singafo sai da biza, kuma Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar shige da fice ta ƙasar, wadda ake kira ICA, take yi wa 'yan ƙasarsu bincike mai zurfi. Kuɗin bizar ba shi da yawa, dalar Singafo 30 ne ga kowane mutum, amma ana neman takardar gabatarwa daga wani ɗan ƙasar ko mai izinin zama na dindindin a can, kuma wanda ba shi da kowa sai ya bi ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi. Ana shigar da buƙatar ne cikin kwana 30 kafin ranar isa. Ma'anar wannan ita ce za ku tsara tafiyar tun ba ku san ko za a ba ku bizar ba, don haka kada ku biya kuɗin otal ko tikitin da ba a mayarwa, ko da rangwamen da aka yi muku ya kai ya kawo. Ku biya ɗan ƙari ku sayi wanda ake iya sokewa.

Akwai kuma katin rigakafin cutar shawara. Duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kamar Najeriya, sai ya nuna shi, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya sauka ba tare da katin ba ana iya killace shi har kwana 6, wato hutun ya ƙare ke nan. Ku tabbatar fasfon kowa, har na yaran, yana da sauran wata 6 aƙalla, sannan cikin kwana 3 kafin isa ku cike katin shiga ƙasa ta intanet, wanda kyauta ne.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Singafo. Za ku ratsa ta Doha, ko Addis Ababa, ko Dubai, ko Istanbul, kuma idan aka haɗa da jiran canjin jirgi, tafiyar takan cinye kusan yini guda cur. Agogon Singafo yana gaban namu da awa 7. A ganina, nan ne wuri na farko da kuɗin jin daɗi yake da amfani: kujerar da ake shimfiɗewa a kwanta, musamman a zango na biyu, tana iya ceto muku yini ɗaya daga cikin kwanakin hutun, domin wanda ya sauka a gajiye da barci a ido ba ya moran ranar farko, wani ma har ta biyu.

Game da lokaci, Singafo ba ta da hunturu ko bazara irin namu. Tsibiri ne ƙarami, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 700, mutanensa kusan miliyan 6, kuma yana dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 25 da 32 duk shekara. Adadin ba zai tsorata mutumin Kano ba, amma zafin can mai laima ne, kamar na Legas a tsakiyar damina, gumi ba ya bushewa a jiki. Ruwa ya fi sauka daga Nuwamba zuwa Janairu, Fabrairu kuma ta fi sauran watanni ƙarancinsa. Tun da kalandar makaranta ce take ja muku akala, zaɓinku bai wuce Agusta ko Disamba ba. A Disamba ana ƙawata titin Orchard da fitilu, amma ruwa yana da yawa kuma otal yana tsada. Ni da Agusta zan ba ku shawara, kuma idan kun dace da ranar 9 ga watan, ranar da ƙasar ta rabu da Malesiya ta zama mai cin gashin kanta a 1965, yara za su ga wasan wuta da faretin jiragen sama a bakin ruwan Marina. Abu ɗaya da ya kamata ku sani shi ne a wasu shekarun hayaƙin gobarar daji daga Indonesiya yakan lulluɓe garin tsakanin Agusta da Oktoba. Ku kuma kauce wa makon tseren motoci na Formula 1, wanda ake yi da dare a titunan tsakiyar gari tun 2008, galibi a Satumba ko Oktoba, sai fa idan maigida mai sha'awar tseren ne, domin farashin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabi kuma ana rufe hanyoyi da yawa.

Kwana biyar ko shida sun isa. Ƙasa da haka, wahalar hanya ta fi ribar. Fiye da mako kuwa za ku fara maimaita wurare.

Batun otal shi ne inda ya kamata a tsaya a yi lissafi da kyau. Wanda kowa yake gani a hoto shi ne Marina Bay Sands, wanda aka buɗe a 2010: dogayen benaye uku da aka ɗora wa wani dandali mai siffar jirgin ruwa a hawa na 57, inda kwamin ninƙaya mai tsawon kusan mita 150 yake kallon gari daga sama. Baƙin otal ɗin kaɗai ake bari su shiga kwamin, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa suke sauka a can. Amma otal ne mai ɗimbin ɗakuna da cinkoson jama'a, a ƙarƙashinsa akwai babbar kasuwar zamani da gidan caca, don haka mai neman natsuwa da kulawa ta musamman ba zai same su yadda yake so ba. Kwana ɗaya ko biyu a can sun wadatar, saboda yaran.

Idan kulawa kike nema, Raffles ne. Wasu 'yan'uwa Armeniyawa, iyalan Sarkies, suka buɗe shi a 1887, aka yi masa gagarumin gyara aka sake buɗe shi a 2019, kuma kowane masauki a cikinsa ɗaki ne da falo, tare da hadimin da ke kula da baƙo. Kwana ɗaya yakan haura dalar Singafo 1,000. Shangri-La, kusa da titin Orchard, yana cikin lambu mai faɗi kuma ya ƙware wajen karɓar iyalai masu yara, don haka ga irin tafiyarku shi nake ganin ya fi dacewa ya zama masaukinku na asali. Fullerton, wanda tsohon babban gidan waya ne da aka gama ginawa a 1928, yana bakin kogin Singafo, ana fita daga cikinsa a taka da ƙafa zuwa wuraren tarihi. Capella kuma yana tsibirin Sentosa, can nesa da hayaniya, kuma a cikinsa ne Donald Trump da Kim Jong Un suka gana a ranar 12 ga Yunin 2018. Shawarata ita ce ku raba kwanakin gida biyu: uku ko huɗu a Shangri-La ko Raffles, sauran a Marina Bay Sands ko Capella. Ku nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, ku kuma sa a rubuta muku haka, domin ɗakunan Singafo ba su kai na Dubai girma ba a farashi ɗaya.

Ki lura da alamar ƙari guda biyu (++) da ake sa wa a gaban farashi. Ta farko kashi 10 cikin ɗari ne na hidima, ta biyu kashi 9 na harajin kaya da ayyuka, wanda ya kai wannan matsayi a Janairun 2024, kuma harajin yana hawa har kan kuɗin hidimar. Ɗakin da aka rubuta 1,000 zai koma 1,199 a takardar biya. Haka abin yake a manyan gidajen abinci, shi ya sa ba al'ada ba ce a ƙara wa ma'aikaci tukuici a kai.

Abincin halal ba matsala ba ne, amma yana buƙatar lura. Musulmi sun kai kusan kashi 15 cikin ɗari na mazauna ƙasar, yawancinsu Malayawa, kuma hukumar harkokin addinin Musulunci, MUIS, ita ce take ba gidajen abinci takardar shaidar halal, wadda ake liƙawa a bakin ƙofa. Ita za ki nema. Rubutun da wasu suke sa wa cewa ba sa amfani da naman alade ko kitsensa ba ya nufin an yanka naman bisa shari'a, ko cewa ba a girki da giya. Gidajen abincin da suka fi suna da tsada a garin, irin su Odette da Les Amis masu tauraro uku na Michelin, matakin ƙoli a kundin da ke auna ingancin gidajen abinci, girkin Faransa suke yi, wanda giya take shiga cikinsa, don haka kuɗin da za ki kashe a can ba zai saya miki kwanciyar rai ba. Ga cin abinci na alfarma da shaidar halal, akwai StraitsKitchen a otal ɗin Grand Hyatt da Carousel a Royal Plaza on Scotts, duka kusa da Orchard. Ki sake tabbatar da shaidar lokacin da za ki kama tebur, domin sabunta ta ake yi.

Sai dai abincin da za ku daɗe kuna tunawa mai yiwuwa ba a otal za ku ci shi ba. A unguwar Kampong Glam, inda Masallacin Sultan mai ƙubba ruwan zinariya yake, wanda aka fara ginawa a 1824 aka kuma sake shi a ginin yanzu a 1932, akwai gidan Zam Zam da ke sayar da murtabak tun 1908, wato waina mai faɗi da ake cusa wa nama da ƙwai da albasa. A nan kusa akwai Hajjah Maimunah, inda ake zuba shinkafa a zaɓi miya da nama iri-iri na Malayawa. Da dare kuma ana rufe titin da ke gefen kasuwar Lau Pa Sat a jera masu gasa satay, tsiren can da ake ci da miyar gyaɗa. Irin waɗannan rumfunan abinci ne UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2020, kuma attajiran garin ma a nan suke bin layi. Maigida ya yi sallar Juma'a a Masallacin Sultan, ke kuma titin Arab Street yana nan dab da shi da shagunan yadi da turare.

Wajen yawo, ku tsara fita da safe da kuma bayan la'asar, tsakar rana a huta. Gardens by the Bay, wanda aka buɗe a 2012, yana da bishiyoyin ƙarfe masu tsayin mita 25 zuwa 50 da ake haskawa kowane dare da ƙarfe 7:45 da 8:45 kyauta, da kuma wani katafaren ɗakin gilashi mai sanyi da ruwa ke kwararowa a cikinsa daga tsayin mita 35. Botanic Gardens, tsohon lambun tsirrai na 1859, ya fi kyau da sassafe. Yara za su so filin wasanni na Universal Studios a Sentosa, inda ya dace a sayi tikitin tsallake layi, da kuma Night Safari a Mandai, gidan namun dajin da ake shiga da dare tun 1994. Kada ku sa rai da gaɓar teku: rairayin Sentosa kawo shi aka yi aka zuba, kuma jiragen dakon kaya ne suke cika ido a gabansa, domin tashar ruwan Singafo tana cikin mafiya hada-hada a duniya. Idan kuna tunanin tsallakawa Malesiya ko tsibirin Bintan na Indonesiya, kowace tana da bizarta, kuma sai bizarku ta Singafo ta ba da damar sake shiga.

Ba kwa buƙatar hayar mota da direba na tsawon kwanakin. Garin ƙarami ne, manhajar kiran mota ta Grab da tasi suna ko'ina, jirgin ƙasa na cikin gari kuma tsaf yake. Sayayyar kayan alfarma tana ION Orchard da Paragon da Ngee Ann City, zinariya kuwa a Mustafa Centre da ke unguwar Indiyawa, ko da yake wadda ta saba da kasuwar zinariyar Dubai ba lallai ta ga sauƙi ba. Idan kin kashe dalar Singafo 100 ko fiye a shagon da ke cikin tsarin, ki nuna fasfo a yi miki rajistar mayar da haraji, ki karɓa a filin jirgin Changi.

Doka a Singafo ba a roƙon ta. Safarar miyagun ƙwayoyi hukuncinta kisa ne, kuma a 2007 an rataye wani matashi ɗan Najeriya a kan haka, duk da roƙon da gwamnatinmu ta yi, don haka kada kowa a cikinku ya karɓi saƙon wani, ko na ɗan'uwa ne, ba tare da ya buɗe ya gani ba. Magungunan da ke da kodin da na barci suna buƙatar izinin hukumar lafiyar ƙasar kafin a shiga da su, ku kuma riƙe takardar likita. Sigarin lantarki haramun ne ko riƙe shi, an hana shigo da cingam tun 1992, kuma ci ko sha a jirgin ƙasa yana jawo tarar da ta kai dalar Singafo 500. Tsabar kuɗin da ta haura dalar Singafo 20,000 sai an bayyana ta. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, domin ba a shiga da nama sai daga ƙasashen da hukumar abincinsu ta amince da su.

Ranar dawowa ku isa Changi da wuri, kamar awa huɗu ko biyar kafin tashi, ku miƙa kaya, sannan ku shiga Jewel, ginin gilashin da aka buɗe a 2019 mai ruwan da ke zubowa daga rufi tsayin mita 40. Yana wajen shingen jami'an shige da fice ne, don haka sai an gama da shi kafin a wuce shingen, kuma a bar isasshen lokaci na karɓar kuɗin harajin. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.