Wai "enduring" haƙuri ne ko ɗorewa?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce daga Azare ina shirin zana jarrabawar Wayek. Na ga "enduring peace" a jarida, ƙawata ta ce wai zaman lafiya mai haƙuri ake nufi tunda endure haƙuri ne. Haka ne?

Amsa: Wa alaikis salam 'yata. Ƙawar taki ba ta yi nisa da gida ba amma dai ta ɗan kauce. Asalin kalmar daga Latin ne, durus, wato abu mai tauri, ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci. To kin san abu in yana da tauri yana jure wahala kuma yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa kalmar ta yi rassa biyu.

In aikatau ce kuma da wata wahala a gabanta, juriya ake nufi. "She endured the pain", ta daure wa ciwon, ta cije. Amma in kika ga enduring ta tsaya gaban suna tana siffanta shi, kusan kullum ɗorewa ce, don haka abin da jaridar ke cewa zaman lafiya mai ɗorewa, ba wanda za a sa hannu yau gobe a koma gidan jiya ba.

Inda yaranmu suka fi rikicewa shi ne haƙurin namu faɗi gare shi, kalma ɗaya muke yi wa aiki uku. Kin taka ƙafar wata a kasuwar Wunti kin ce yi haƙuri, wannan sorry ne, don Allah kar ki ce mata endure, sai ta ɗauka tsokana ce. Kina kan layin banki tun safe ba ki yi tsaki ba, a nan ke patient ce. Endure kuwa sai an ji jiki, tambayi duk wanda ya yi bautar ƙasa a sansanin Wailo a shekarun baya me ake ce wa doguwar tafiyar ƙafan nan da suka sha, endurance trek, sunan ma ya faɗi komai.

Sai ƙarko na kaya. Atamfar da ta sha wanki ba ta koɗe ba, ko takalmin da ya shekara uku, durable ake cewa, dangin juna ne da endure amma in kika rubuta enduring shoe mai makin zai ja miki jan biro. Enduring ta fi zama da abin da ba a taɓawa da hannu, irin su aminci, soyayya, suna mai kyau.