Ɗalibata ba ta magana a aji, ga makonta na tauraruwa ya zo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar aji ɗaya ce a wata firamare mai zaman kanta a Kaduna. Muna da tsarin tauraron mako: a liƙa hoton yaro a bango, ya ja layi, ya raba littattafai, ranar Juma'a kuma ya tsaya gaban aji ya ba da labarin kansa da gidansu. Mako mai zuwa na wata yarinya ne 'yar shekara shida. Tun zangon farko ban taɓa jin muryarta ba, ko fitsari ya matse ta ba ta iya neman izini. Mahaifiyarta ta ce a gida surutunta har isarsu yake yi. Hedimasta ya ce a tsayar da ita dole, daga nan bakinta zai buɗe. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In tsallake ta ne, ko in tsayar da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba. Kada ki tsallake ta, makonta haƙƙinta ne kamar na kowa. Amma kada ki tilasta mata jawabin Juma'a.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da shirun fargaba, inda yaro ke magana lafiya lau a gida, ya zo makaranta murya ta ƙi fita. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ƙiyasta yana samun kusan yaro 1 cikin 140, kuma ya fi yawa a 'yan mata. Ƙa'idar ganewa ita ce shirun ya wuce wata ɗaya, ban da watan farko na shiga makaranta, kuma ɗalibarki ta zarce haka nesa. Abu ɗaya za ki duba: yaron da ya taso da Hausa aka jefa shi ajin Turanci zalla yakan yi shiru na wani lokaci yana saurare. Ki lura da ita idan an fita tara. In har da ƙawayenta ma ba ta furta ko da Hausa, to ba Turanci ne matsalar ba.

Yanzu maganar hedimasta. Wannan magana ta "a tilasta ta, za ta saba" ina jin ta kusan kullum, daga malamai, daga iyaye, daga kakanni, kuma ita ce ta fi ɓata min rai a wannan aiki. Tushenta zato ne cewa yarinyar da gangan take yi: tunda tana magana a gida, ai taurin kai ne. Ba taurin kai ba ne. Ki kalle ta lokacin da aka kira sunanta a rajista. Kafaɗu su ɗage, ido ya koma ƙasa, yatsu su danƙe bakin hijabi, fuska ta daskare har wani ya ɗauka raini ne. Amsar tana cikin kanta, tana son ta faɗa, maƙogwaro ya kulle. Kamar wanda ya yi kiciɓis da maciji ne a ɗaki, ya so ya yi ihu, ihun ya ƙi zuwa.

Likitoci ma sun daɗe a kan wannan kuskure. Adolf Kussmaul, likitan Jamus da ya bayyana yanayin a 1877, ya ɗauka masu shi da son ransu suke ƙin magana. Sai a 2013 kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya sa shi cikin cututtukan fargaba. Mu kuwa har gobe muna cewa "ke ba ki da baki ne?"

Ki duba abin da zai faru ranar Juma'a in an bi shawarar hedimasta. A tsayar da ita, aji ya yi tsit, idanu duk a kanta. Minti ɗaya ya wuce, wani ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya ce "Malama, ai kurma ce." A ƙarshe ki ce ta koma ta zauna. Ta koyi abu biyu: abin da take tsoro gaskiya ne, kuma shiru ne ya fitar da ita. Gobe shirun zai ƙara ƙarfi. Daga nan ake fara ciwon ciki kowace safiya da kukan ƙin makaranta. Bulala ta fi muni, amma alkawarin alewa ma matsi ne, haka "faɗi sau ɗaya kawai, don Allah."

Idan tilastawa ta kasa, sai a koma wajen masu cin kasuwa da tashin hankalin iyaye. Wannan ya ce aljani ya riƙe mata harshe, a turara mata hayaƙi har ta shaƙe. Wancan ya ce linzami ne, a kai wa wanzami ya yanke. Harshen da ke zuba surutu a gida wane linzami ya riƙe shi? Sai a jawo mata zubar jini da ƙwayar cuta a banza. Addu'a kam a yi mata, amma ki faɗa wa mahaifiyar kai tsaye kada aska ta kusanci bakin yarinyar nan. Wasu kuma su yabe ta da kunya da kawaici, shekaru su tafi ba wanda ya nema mata taimako.

Ga yadda za ki yi da makon. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Na san magana tana yi miki wuya a nan. Ba dole, za ta zo a hankali." Ta ja layi, ta raba littattafai, ta goge allo. Ita da mahaifiyarta su haɗa kwali mai hotuna a gida, ranar Juma'a ta riƙe tana nunawa da yatsa ke kina karantawa. In mahaifiyar ta ɗauki muryarta a waya, kada a kunna wa aji sai ta yarda da kanta. Ki ba ta ɗan kati da za ta ɗaga in tana son fita bayan gida, wannan kam tun gobe.

Aikin gaske yana bayan makon. Mahaifiyar ta riƙa zuwa bayan an tashi, su zauna a ajin ba kowa suna wasa har muryarta ta fito. Sannan ke ki zauna bakin ƙofa kina duba littattafai ba tare da kallonta ba, ki riƙa matsowa kaɗan-kaɗan a kwanaki daban-daban. Ranar da ta yi miki magana, kada ki tafa, kada ki kira malaman maƙwabta. Ki amsa kamar kullum kuke hira.

Ki ba iyayen shawara a gwada jinta, sannan su nemi masanin halayyar yara. Tunda kuna Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kusa da ku. Su je cikin wannan zangon, kada su jira ta shiga aji biyu.