Ga 'yar'uwar da ƙibarta ta dawo

'Yar'uwa, kin ce kin sha wuya kin rage ƙiba, sai yunwa ta taso ki gaba har nauyin ya dawo, kina tambaya ko kwaɗayi ne da rashin haƙuri. Don Allah ki daina ɗora wa kanki laifi. Ni ma na daɗe ina fama da wannan.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashen da likitoci ke kira haifotalamus, shi ke riƙe da linzamin yunwa da ƙoshi. Kitsen jiki na aika masa saƙo ta wani sinadari, leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994. Tumbi kuwa in ya zama wayam sai ya saki girelin, mai tayar da yunwa. Da kin rame, leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga: ta ƙara miki yunwa, ta kuma rage abin da jiki ke ƙonawa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Ostareliya ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage ƙiba, girelin ɗinsu na nan sama da yadda yake kafin su rage. Kin ga ai ba da wasa jiki ke wannan kokawa ba.

Akwai kuma yunwar ido. Sai in ci in ƙoshi, amma tsakar dare ga ni tsaye gaban firij, hannuna na laluben abin zaƙi. Wannan aikin dofamin ne, sinadarin ƙwaƙwalwa mai sa mutum marmarin abin da ya ji daɗinsa. Abinci mai haɗa sukari da maiƙo yana zaburar da shi sosai.

Abin da ya fi taimakona shi ne barci, domin ƙarancinsa na ɗaga girelin. Sai cin abinci a natse, a bai wa saƙon ƙoshi lokacin isa, da yawaita wake, ƙwai da ganye. Kayan zaƙi kuma na daina ajiye su a gida, don dare ba lokacin gwada juriya ba ne.

Masu tambayar allurar Ozempic, tana kwaikwayon wani sinadarin hanji mai sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Tana aiki, amma sai da likita, kuma da yawa in sun daina nauyin kan dawo. Ki je a duba miki sukari da hawan jini tukuna.