Amsa ga ɗiyata kan kunun kanwa da ƙwayoyin ƙarin jini

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah ya raba lafiya. Kin ce ungozomar asibiti ta hana ki kunun kanwa idan kin sauka, surukarki kuma ta ce ba a jego sai da shi, ga wata ƙawarki tana tallar miki kwalaben bitamin na jika goma sha biyar, wai in kina sha ba ki buƙatar komai. Kina tambaya me al'ada ta ce.

Al'ada ba ta taɓa ciyar da mai jego abu ɗaya ba. A gidajenmu na Maradi, mace in ta haihu ana dafa mata ƙauri, a gasa mata nama da yajin jego, a dama mata fura da nono, ga tuwon hatsi da miyar kuka ko kuɓewa da daddawar batso. Kunun kanwa ɗaya ne cikin waɗannan. Abin da ya ɓata shi shi ne hannu mai nauyi: za ki ga an jiƙa ƙulun kanwa guda a ƙwarya, an tsiyaye ruwan cikin kunu har ya koma ruwan ɗorawa yana ɗaci, a ce mace ta sha safe da yamma kwana arba'in. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa. A haɗa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta, zuciyar da ta gama ɗaukar ciki wata tara sai ta gaza. Likitocin Zariya sun rubuta wannan tun shekarun 1970, ganin yawan masu jego da ake kawo musu da kumburin ƙafa da haki. Mu da muna cewa iska ta shige ta, a ƙara mata kanwa, Allah ya yafe mana. Ki sha kununki da tsamiya ko gujiya, wanka kuma da ruwa mai ɗumi. Surukarki ki bar ni da ita, maganar manya ce.

Ƙwan da ake hana mai ciki da yara, wai yaro zai tashi ɓarawo, ni dai ina ganin dabarar tsare ƙwan zabi ce don a kai kasuwa. Ki ci. Dakashi ma kada ki bari a matse a zubar, shi ne rigakafin jariri na farko.

Batun ƙwayoyi kuwa, kada ki haɗa su duka a kwando ɗaya. Jajayen nan da ake ba ki wurin awo, sinadarin ƙarfe ne da folik asid, kuma mai ciki tana buƙatar fiye da abin da tuwo zai ba ta. Ki sha ɗaya kullum yadda aka ce, ko da bayan gida ya yi baƙi, hakan ba ciwo ba ne. Sai dai kada ki kora da shayi, yana hana jiki ɗaukar ƙarfen. Ruwa ko lemu ya fi. Na ƙawarki fa, ba ki san abin da ke ciki ba, kuma bitamin A idan ya yi yawa yana taruwa a hanta, yana iya illata ɗan da ke ciki. Ki kai kwalbar wurin awo a duba kafin ki buɗe. Su "sha ka fashe" na masu tebur ba ma sai na ce komai ba, kumburi ne ake kira ƙiba.

Ki tuna 2005. Jiharmu ita ake kira rumbun ƙasa, amma nan aka fi kwantar da yara masu tamowa. Tsadar hatsi ce ta kawo abin, gaskiya, sai dai ko a shekarar albarka akwai yaran da ke ramewa, don ruwan fura tsararo kaɗai suke sha daga safe har dare. Ciki ya cika, jiki bai samu ba.

Jika goma sha biyar ɗin nan, ki shiga babbar kasuwa da ita. Zogalen Jiratawa yana nan ɗanye da busasshe, ki kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Ki sayi tiyar wake, kifin Madarumfa in an samu, fara in lokacinta ne, da gishiri mai ayodin. Hanta kuwa ɗan yanki ya isa, ba kullum ba, saboda bitamin A ɗin da na faɗa miki.

Ki gaida maigidan, ki ce masa kuɗin cefanen watan gobe ya ƙara, kuma ranar awo ya raka ki.