Mai shagon keke zai rufe: me zan saya in ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dattijon da ke sayar mana da kayan keke a wajen Ƙofar Marusa tun muna yara ya ce daga Babbar Sallah ya bar shago. Ido ya yi rauni, 'ya'ya kuma sun koma harkar babur da waya. Zai karyar da sauran kayan. Ni kuwa tsohon Raleigh gare ni na gado, da shi nake zuwa gona. Me zan saya in ajiye, me zan bari?
Mai karatu, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Malam, ka sayi ƙarfe, ka bar roba.

Taya da tib da robar birki ba kayan ajiya ba ne a garin da bazara ke gasa ɗakin kwano. Tib ɗin da ya daɗe a naɗe yakan tsage a daidai lanƙwasa, sholishon da aka buɗe kuwa daskarewa yake yi. Kuma girman tayarka, 28 x 1½, ba zai ɓace ba, domin shi Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya ke sawa. Taya ɗaya da tib biyu sun isa. Ka barbaɗa wa tib ɗin hoda, ka ɗaure a leda, ka ajiye nesa da rana da fetur.

Inda gizo ke saƙar shi ne zaren murɗi. Tsohon Raleigh na Ingila zarensa nasa ne shi kaɗai: layi 26 a kowane inci, alhali galibin kekuna 24 gare su. Wurin da wannan ke cizo biyu ne, kofunan da ke cikin gindin feda da notunan wuyan keke. Kofin 24 zai shiga murɗi biyu ko uku lafiya lau, sai ya cije. Yaron shago mai ƙarfin hannu ya sa sifana ya danna, shi ke nan, zaren jikin keken ya tafi, kuma shi ba a sayar da shi a kasuwa. Kada sunan da ke jikin keken ya ruɗe ka, don an ƙera masu wannan suna a ƙasashe da dama. Ka kwance tsohon kofin, ka haɗa zarensa da na sabon, ka ɗaga su wajen haske. In sun shige juna ba haske a tsakani, ɗaya ne. In ka samu irin naka a akwatin Baba, ka ɗauki saiti biyu ko da bai rage maka ko sisi ba. Sannan ka riƙe wannan: kofin dama da fedar hagu zarensu a juye yake, wajen da ake ɗaure sauran notuna nan su suke kwancewa.

Sai boris. Ƙafar gaba tana cin 10 kowane gefe, masu girman 3/16 na inci. Ta baya 9 kowane gefe, masu 1/4. Gindin feda 11 kowane gefe, su ma 1/4 ne, ka ga kana buƙatar 40 na wannan girman a gyara ɗaya. Wuyan tsohon Raleigh kuwa ƙanana yake ci, 5/32, guda 25 sama 25 ƙasa. Kada a gauraya tsoho da sabo, don sabon ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai ya rarake wurin. Da boris ɗin ka haɗa da kon, wato ƙarfen nan mai tsini da suke gudu a kansa. Ka bi hanyarsa da farce, in farcen ya maƙale a rami, ya gama aiki. Sau ɗaya a shekara, bayan ƙurar hunturu ta kwanta, a wanke su da kananzir a cika da giris. Wajen ɗaurewa, a matse har ƙafar ta daina girgiza, amma in an ɗaga keken nauyin bawul kaɗai ya iya juyo da ita ƙasa.

Akwai kuma ƙusar nan mai gefe ɗaya a fere da ke riƙe hannun feda. Ita ce mai ƙas-ƙas duk lokacin da ka taka. Ta kekunan Ingila kaurinta milimita 9.5 ne, akwai kuma ta 9 da ke kama da ita a ido. Ka sayi huɗu. Biyu ake canzawa tare, kawunansu na kallon saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan ta da notinta. Notin nan ɗan tsaro ne kawai, da an matsa masa sai zaren ya tsinke. Da guduma ake shigar da ita, bayan an tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa don kada dukan ya sauka kan boris. Bayan kwana biyu ko uku ana hawa, a ƙara mata duka a sake ɗaure notin.

Ka ƙirga wayoyin ƙafafun kekenka kafin ka je. Tsofaffin kekunan nan 32 gare su a gaba, 40 a baya, yayin da na zamani da yawa 36 ne, kuma rim mai huda 36 ba ya zama a kan cibiya mai 40. Ka cire waya ɗaya daga kowace ƙafa ka tafi da ita don tsawo, ka ɗebi kamar goma-goma. Ƙananan ƙusoshi da sandunan birki ma ka tsince su, don ba kowane shago ke damuwa da su ba yanzu.

Sarƙa akwai ta ko'ina, ½ x ⅛ za ka ce. Ka auna taka: gaɓa 12 cikakku (ta ciki da ta waje a haɗe su ne gaɓa ɗaya cikakkiya) ya kamata su ba ka inci 12 cif. In sun zarce da milimita 3, ka canza ta tare da firiwil, wato faifan haƙoran da sarƙar ke ja a ƙafar baya, domin sabuwar sarƙa tsalle take yi a kan haƙoran da suka cinye. Tunda buhu kake ɗaukowa daga gona, firiwil mai haƙori 20 ko 22 ya fi maka mai 18 sauƙin tuƙi cikin yashi, sai dai wataƙila a ƙara gaɓa.

In Baba zai rabu da siraran sifanoninsa, ka saye su. Notunan tsohon keken Ingila ba su cika dacewa da sifanar milimita ba, sulɓewa take yi ta cinye kusurwa. Ka tafi da littafi, ka zauna da shi wata la'asar ya karanto maka girman komai na kekenka.

TAMBAYA: Keke mai giya na hannu na saya wa ɗana yana zuwa makaranta. Na aika an sayo taya lamba 26 ta ƙi shiga, kuma kusan duk mako sai an yi faci. Baban nan ne ke duba mana.
Wata uwa, Ƙofar Ƙaura

AMSA: Hajiya, 26 ba guda ɗaya ba ce. A gefen tsohuwar tayar akwai wata lamba mai kama da 47-559, kuma ta ƙarshen ita ce gaskiyar magana. Masu giya na hawan tudu 559 ne, 26 x 1⅜ kuwa 590 ce, ba sa musayar rim. Ki kwafe lambar a takarda ki ba ɗan aike.

Batun faci, wurin hudar ke faɗin mai laifi. In ta waje ce, ƙaya ce, galibi tsidau, kuma tana nan a jikin tayar tana jiran sabon tib. A bi cikin tayar da tsumma a zare ta. In ta ciki ce wajen rim, kan waya ne ya ɓullo, a canza ƙyallen da ke rufe su. In tsaga biyu ce kusa da juna kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, ko abokai yake goyo. Facin ma yana da ƙa'ida: a goge wurin da samfefa fiye da faɗin facin, a shafa sholisho kaɗan, a jira kamar minti 5 har ya daina ƙyalli, sannan a manna a danne sosai. Wanda aka manna da ɗanyen sholisho shi ke ɗagowa a zafin kwalta.

TAMBAYA: Na yi shekara biyu ina koyon gyara. Ina so in karɓi shagon. Akwai riba?
Wani matashi, Katsina

AMSA: Ɗan'uwa, akwai abinci, ban da arzikin dare ɗaya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kekunan da aka jingine a zaure suke fitowa, amma ribar kayan gyara 'yar kaɗan ce, kuɗin na hannunka. Don haka kada ka saye shagon a dunƙule. Ka ware kayan aiki da ƙarafunan da muka lissafa a sama, ka bar tsohuwar roba komai arharta. Abin da ke tafiya kullum kana iya sarowa kaɗan-kaɗan a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ka koyi saitin giya, don yaran makaranta su ne kasuwar yanzu, kuma kafin Sallah ka lizimci Baba ya nuna maka miƙe ƙafa. In rim ya karkata dama, wayoyin da suka fito daga hagun cibiya ake ɗaurewa, a sassauta na dama, rubu'in murɗi kawai kowane karo, ana juya ƙafar ana kallon tazararta da robar birki.