Kuɗin da zai riƙe ƙaramin iyali a birni: fara da haya, ka lissafa har da watan da abu ya ɓaci

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an ba ka aiki a birni, kai da maiɗakinka da yaro guda, ga kuma juna biyu, kana so ka san nawa ya kamata ya riƙa shigowa gidan duk wata kafin a ce kuna zaune cikin rufin asiri. Allah ya sa alheri, ya sauke ta lafiya. Duk wanda ya yanke maka adadi guda bai tambaye ka wane birni ba ne, wace unguwa, nisan wurin aiki nawa, to ƙiyasin gidansa ya ba ka. Na daɗe ina riƙe da gida da albashi a birni, kuma abin da na gani shi ne adadin yana hannunka, lissafi ne kawai zai fito da shi. Sai dai mutane suna yin lissafin a kan watan da komai ya tafi daidai, alhali watan da abu ya ɓaci shi ne ke nuna ko kuɗin ya isa.

Fara da gida, domin shi ne kuɗin da ba ya jin lallashi. Abinci ana iya ragewa, sutura ana iya ɗagawa, amma haya ranarta ranarta ce. Ka je da ƙafarka ka ga gidan da za ku iya zama a ciki, kuma ka tafi da maiɗakinka, don ita za ta lura da abin da kai ba za ka lura ba: inda za a yi shanya, ko ruwa na zuwa, ko yaro zai iya wasa ba a kan titi ba. Idan kun ji hayar, ka mayar da ita ta wata ko da shekara ake biya, ka haɗa da wuta da ruwa. Ƙa'idar da aka fi yawo da ita ita ce kada wannan ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin shiga. Daga Amurka ta samo asali: a 1969 doka ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kan kashi 25 na samun mai haya, a 1981 aka ɗaga zuwa 30, har yau kuma hukumominsu na ɗaukar wanda ya haura 30 a matsayin wanda gida ya yi wa nauyi, wanda ya haura 50 kuwa nauyin ya yi tsanani. Su da albashin da ba a cire haraji ba suke aunawa. Ni na fi son a auna da abin da ya shiga hannu bayan an cire haraji da fansho, tunda da shi ake cefane. To a ce gida da wuta da ruwa 300 ne a wata, ko da wane irin kuɗi kuke amfani, kana buƙatar 1,000. A manyan birane da yawa matasa ba sa samun wannan, suna kaiwa 40. Ana rayuwa a haka, da ɗan matsi. Idan ta kai rabi kuwa, mai gida kake yi wa aiki.

Kada ka raba haya da kuɗin mota, abu ɗaya ne. Akwai wani abokin aikina da ya samu gida mai arha a bayan gari, yana ta murna. Mota biyu yake hawa kafin ya iso, yana fita yara na barci, ya dawo sun yi barci, kuma da yake ba ya iya komawa gida da rana, kullum a waje yake cin abinci. Ranar da ƙaramarsu ta yi zazzaɓi cikin dare, kuɗin motar da ta kai su asibiti ya fi kuɗin maganin. Da muka zauna muka tara masa abin da yake kashewa a hanya da na abincin rana, ya zarce bambancin hayar da ya gudu. Ma'aunin da nake bi shi ne gida da zirga-zirga a haɗe kada su wuce kashi 45.

Abinci kuma ma'auni ne mai kyau na inda gida ya tsaya. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya duba kasafin iyalan ma'aikata a Beljiyam ya ga cewa duk yadda samun gida ya yi ƙasa, kason da abinci ke ci yana hawa. A shekarun 1960 wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Mollie Orshansky, ta gina layin talaucin Amurka a kan haka: ta ɗauki kuɗin abinci mafi ƙaranci da zai riƙe iyali ta ninka sau 3, saboda binciken 1955 ya nuna iyalai na kashe kusan sulusin samunsu a abinci. Ka gwada: cefanen wata na gaskiya, har da makamashin girki, ninka sau 3. Abin da ya fito shi ne ƙasa, ba jin daɗi ba. Idan ya fi wancan adadin da haya ta ba ka, ɗauki babban.

Yanzu yara. Hukumar OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, tana da sikelin da ake kwatanta gidaje da shi: babba na farko 1, duk wanda ya ƙaru mai shekara 14 ko fiye 0.5, yaro ƙasa da 14 kuwa 0.3. Ke nan ku uku 1.8 ne, idan an haihu ku koma 2.1. Idan gwauro yana zaman lafiya da 500 a birnin, ku sai 1,050 kafin ku yi irin zamansa. Sikelin yana da amfani wajen nuna cewa mutum biyu ba ninki biyu ba ne, tunda rufi ɗaya ne, fitila ɗaya. Amma a ganina yana rage wa yaro kuɗi a duk inda iyaye ke biyan makaranta da asibiti daga aljihu. Jariri kansa ba shi da tsada sosai a watannin farko in ana shayar da shi. Kunzugu ne da sabulu da zuwa awo. Tsadar tana zuwa ne ta wajen raino. Idan maiɗakinka tana aiki, ku tambayi wurin aikinta tun yanzu hutun haihuwa mako nawa ne kuma ana biya ko ba a biya. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta ce aƙalla mako 14, amma ƙasashe da yawa ba su sa hannu ba, ƙananan ma'aikatu kuwa kowa da tsarinsa. Bayan hutun, ku cire kuɗin mai raino da na motarta daga albashinta ku ga abin da ya saura. Wani lokaci ɗan kaɗan ne. Duk da haka ban ce ta ajiye aiki ba, domin shekarun raino suna wucewa, komawa aiki bayan an daɗe a gida kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Shawara ce ta ku biyu, amma a yi ta da alƙaluma a gaba.

Inda na fi so ka tsaya shi ne nan. Akwai kuɗaɗen da ba sa zuwa duk wata, shi ya sa ba a ganinsu a lissafi: sabunta haya, kuɗin makaranta, gyaran firji ko waya, tafiya ganin iyaye, rashin lafiya, rasuwa. Ba ɗaya daga cikinsu da yake abin mamaki, duk shekara sai sun zo, lokacinsu ne kawai ba a sani ba. A gidanmu uwar yara ce ke riƙe da littafi. Shafin hagu na abin da ake kashewa kullum ne, shafin dama na waɗannan, kuma a ƙarshen shekara takan tara na dama ta raba 12. Adadin da ke fitowa shi muke cirewa ranar da albashi ya shigo, kafin a sayi ko gishiri, a zuba a wani asusun da ba shi da kati. Watan da haya da kuɗin makaranta da kwanciyar asibiti suka haɗu mana, wannan asusun ne ya hana ni zuwa ƙofar kowa. Wanda ya fi ni albashi a ofis ya sha zuwa neman rance a irin wannan watan, kuma ba almubazzari ba ne, shafin dama ne ba shi da shi.

Lafiya ita ce mafi haɗari a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shekaru tana kiran kashewar da ta wuce kashi 10 na kasafin gida a kan magani da sunan wadda ke durƙusar da iyali, kuma haihuwa ɗaya da ta zo da tiyata tana iya haura wannan nesa ba kusa ba. Don haka kafin ka karɓi aikin ka tambaya: akwai inshorar lafiya? Ta haɗa da mata da yara? Ta haɗa da haihuwa, kuma daga yaushe take fara aiki? Albashi mai ɗan ƙasa da inshora mai kyau yakan fi mai yawa da babu.

Za ka ji ana maganar tsarin 50/30/20, wanda Elizabeth Warren, masaniyar shari'a kuma 'yar siyasar Amurka, da 'yarta suka yaɗa a 2005: rabi ga larura, 30 ga abin sha'awa, 20 ga ajiya da biyan bashi. Ga mai ƙananan yara a birni mai tsada, larura ba ta tsayawa a rabi, takan kai 65 ko 70. Ban damu da wannan ba. Abin da nake dubawa shi ne ko bayan an biya komai, har da kason shafin dama, ana iya ajiye ko da kashi 10 ba tare da an yi faɗa a gida ba. Idan ana iyawa, kuɗin ya isa, kuma a hankali za ku tara kuɗin riƙe gida na wata 3 zuwa 6 da ake so kowane gida ya samu a gefe. Idan ba a iyawa, ana dai maneji.

Wajen lissafa abin da ke shigowa, ka ƙirga tabbatacce kawai. Alawus da kuɗin ƙarin lokaci da ɗan abin da sana'ar gefe ke kawowa duk ka bar su a waje. In sun zo, su tafi ajiya. Idan ku biyu kuke samu, ku kama gidan da albashi ɗaya zai iya biya, domin ciki ko sallama daga aiki na iya tsayar da ɗayan. Bashin da ake cira duk wata kuma ka fara zare shi tukuna. Haka abin da kake aika wa iyaye da ƙanne: ku yanke masa adadi kai da ita, ku rubuta shi cikin larura. Da zarar an ji ka koma birni buƙatu za su ƙaru, kuma wanda bai sa iyaka ba daga kuɗin haya zai riƙa ɗiba bai sani ba.

Sai hauhawar farashi. Raba 72 da yawan hauhawar shekara, za ka ga shekarun da farashi zai ninka: kashi 6 shekara 12, kashi 24 shekara 3 kacal. Albashin da ya ishe ku bana zai iya gazawa kafin jaririn ya shiga makaranta, saboda haka ka tambayi wurin aikin ko ana duba albashi duk shekara, ka kuma tambayi mai gida yaushe ya yi ƙarin haya na ƙarshe.

Kuɗin tashi daban yake, kada ka cusa shi cikin na wata: la'adar dillali, abin da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, motar kaya, labule, da cefanen watan farko kafin albashi ya fito, wanda a wasu wuraren yakan makara. Idan da hali ka riga su zuwa, ka yi wata ɗaya ko biyu kana rubuta duk abin da ka kashe, sannan ka ɗauko su. Amma ka duba watan haihuwa, kada tashin ya faɗo a kansa. In ka samo hayar gidan, da kuɗin mota na rana ɗaya, da abin da zai shiga hannunka bayan cire-cire, turo su mu buga tare.