Filin Tambaya da Amsa: Tafiyar Ilektiron a Ƙananan Na'urori Masu Tsabta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. An koya mana a aji cewa turjiyar da wutar lantarki ke fuskanta tana samuwa ne daga karon da ilektiron ke yi da ƙazanta a cikin waya. To idan aka ƙera na'urar semikondakta 'yar ƙarama mai tsabtar gaske, shin turjiyar za ta ɓace ke nan? Daga wani ɗalibin kimiyyar lissafi da fizik, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Turjiyar ba ta ɓacewa, sai dai ta sauya mazauni, kuma dalilin hakan ya fi amsar daɗi.

Abin da aka koya maka ya samo asali ne daga bayanin da masanin fizik Paul Drude ya gabatar a 1900, kuma daidai ne ga wayar gida. Ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, a cikin tagulla kamar mai ratsa kasuwar Sabon Gari ne da yamma, wanda ba ya yin taku biyar sai ya bangaji wani. A yanayin zafin ɗaki, tazarar da yake yi kafin ya yi karo ba ta wuce kimanin nanomita 40 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma ba ƙazanta kaɗai ke tare shi ba, har da girgizar da zafi ke sa atam ɗin ƙarfen suna yi.

Masana sun magance matsalolin biyu. Suna jera galiyam asanaid, wani nau'in semikondakta (abin da ke tsakanin mai wuce da wuta da mai tare ta), da ɗan'uwansa mai haɗe da alminiyam shimfiɗa bisa shimfiɗa, ta yadda ilektiron za su taru a wani siririn fili tsakanin su biyun, nesa da atam ɗin da suka ba da su, sannan su sanyaya na'urar har girgizar ta lafa. A irin wannan hali ilektiron yana iya tafiyar maikiromita da dama (kowane ɗaya nanomita dubu ne) ba tare da ya taɓa komai ba, don haka idan na'urar ta gaza wannan tazara, sai ya ratsa ta kai tsaye.

A 1988 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Delft ta ƙasar Holan ɗaya kuma a Kambirij ta Ingila, suka matse wannan fili ya zama ƙuntatacciyar mashiga, a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 1 a ma'aunin Kelbin, wato dab da matuƙar sanyin da zai yiwu. Da suka riƙa faɗaɗa mashigar sannu a hankali, sai suka ga wutar tana ƙaruwa hawa-hawa, kowane hawa daidai da na bayansa. Dalili shi ne a wannan ƙanƙanta ilektiron yana nuna ɗabi'ar igiyar ruwa, kuma faɗin mashigar ne ke ƙayyade yawan layukan da za su iya ɗaukarsa. Layi guda, komai tsabtarsa, yana da turjiyar kimanin om 12,900 (om shi ne ma'aunin turjiya). Idan layi biyu suka buɗe sai ta koma rabi. Tun a 1957 Rolf Landauer na kamfanin IBM ya fara kallon turjiya ta wannan fuska, wato nawa ne daga cikin ilektiron ke samun wucewa.

Mazaunin turjiyar ke nan: bakin mashiga, inda faffaɗan mahaɗi mai ɗimbin layuka, wato sashen da ke kai wuta ga mashigar, ke haɗuwa da 'yan layuka ƙalilan. Zafin ma a cikin manyan mahaɗan yake fita, bayan ilektiron ya riga ya wuce.

Taransistocin silikon, wato ƙananan makunnan wuta da ke cikin wayar hannunka, sun kusanci wannan hali saboda gajartarsu, amma ba su kai ba, domin suna aiki ne cikin zafi. Kuma a ganina kada ka ɗauki lambobin da kamfanoni ke tallatawa, irin su nanomita 3, a matsayin ainihin tsawon hanyar ilektiron, don yanzu sun zama sunayen zangon fasaha ne kawai.